Katin Ruɓewar Albasa

Har gobe ban manta da ranar da Oga ya kira ni ofishinsa a Jega ya miƙo mini wani kwali mai nauyi ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona, an tura ni Aliero. Ku sababbin shiga ku sani, aikinmu a farkon bazara shi ne zagayen rudu, wato rumfar kara da ake jibge albasa a ciki a jira ta yi tsada. Ka leƙa, ka shinshina, ka cusa hannu, ka sa a tsince wadda ta fara lalacewa. In manomi bai yarda ka matsa kusa da rudunsa ba, to albashin banza kake ci.

"Wasa ne wata ƙungiya ta ƙirƙiro," in ji Oga. "Wai zai koya wa manoma dabarun ajiya. Ka kai wa masu son wasa su gwada, ka kawo mini ra'ayinsu."

Mutanen da suka buɗe ido suka ga albasa, su za a koya wa ajiyarta da kwali. Na ce to, ranka ya daɗe.

Masu son wasa a unguwarmu su ne 'yan dara da ke zama gindin dogon yaro bayan la'asar. Babbansu Baba Altine, dattijon da ba a cika cinye shi ba, sai abokin karawarsa Mande. Dukansu manoman albasa ne. Na shimfiɗa allon, na zuba 'yan albasoshin katako, na jera katuna, na yi bayani: ka shuka, ka cire, sannan ka zaɓa ko ka sayar yanzu ko ka ajiye. Wanda ya fi riba shi ya ci.

Baba Altine ya juya allon ya dubi bayansa. "Dara ƙasa ta da tsinke," ya ce. "Wanga ko ruwa ɗai ya taɓa shi, ya ƙare." Mande kuwa albasar katakon ce ta burge shi, har ya tambaya ko ana sayar da ita daban. Amma kafin a yi nisa wasa ya kama su. Aka manta da ramukan dara, 'yan kallo suka rabu biyu, wasu na cewa a sayar, wasu na cewa a yi haƙuri. Baba Altine da kansa ya yarda akwai ƙwaƙwalwa a ciki. Ni har na fara tsara yadda zan ba Oga labari.

Sai Baba Altine ya jawo wani jan kati ya ba ni in karanta. Dokarsa ita ce ka ajiye shi gaban abokin karawarka ka ce, "Albasarka ta ruɓe," shi kuma ya yi asarar rabin ajiyarsa. Dattijon ya karɓe katinsa ya tura ƙarƙashin cinya.

"Ni in dubi Mande in hwaɗa mai haka, albasatai na cikin rudu? Bakina bai yin wagga magana."

Na yi dariya, na ce Baba ai takarda ce. Don in nuna musu, na roƙi katin, na dangwara shi gaban Mande, na faɗi maganar da ƙarfi yadda kowa zai ji. Mande ya ce Allah shi kyauta, ya sa takalmansa ya tafi.

Ba a jima ba zafi ya tsananta, gefe ɗaya na rudun Mande ya ruɓe. Kowace shekara ana yin haka, don haka ma aka ɗauke ni aiki. Amma labarin cewa bakina ne ya jawo ya riga ni isa Fagada, har Liba ta Maiyama sai da aka ji. Duk inda na faka babur sai a ce mai rudu ya yi tafiya. Wani ma ce mini ya yi makulli na hannun ƙanensa. Rudu dai ba shi da ƙofa balle kwaɗo. Gaskiya na tsorata, don na ga aikina na neman fin ƙarfina.

Na je na sami Baba Altine na durƙusa.

"Ba mu ce kai maye na ba, malam," ya ce. "Amma wanda ba shi da komi cikin rudu, bakinai sauƙi garai. Tahi ka sayi albasa ka aje wurin Mande, sannan ka dawo mu yi wasa."

Haka na zuba albashina a albasa, Mande ya ba ni lungu a rudunsa ba tare da ya dubi fuskata ba. Daga ranar, ko hadari na gani sai gabana ya faɗi.

Da na koma majalisa aka haɗa ni da Baba Altine. Wasa ya yi mini kyau, saura kaɗan in cinye mutumin da ba a cinyewa, sai ga jan katin a hannuna. Kowa ya gane shi. Na san takarda ce, na yi karatu, ni na faɗa musu haka da bakina. Amma lungun nan na rudun Mande kawai nake gani. Na soke katin a aljihu na ce a ci gaba. Baba Altine ya yi mini cin kaca, 'yan kallo suka yi ta yi mini dariya har aka kira magariba.

Washegari Mande ya tare ni a hanya. Da hannunsa ya ɗaga ciyawar rudun ya ce, "Malam, shigo ka duba muna."

Oga ya tambaye ni ra'ayin 'yan wasa. Na ce sun yaba ƙwarai, sai dai kati ɗaya ya ɓace. Ya ce ba komai, ai na kula da kayan da kyau.

Abin da na koya ke nan, ku riƙe shi. Manomi na jin shawarar kowa, amma ba ya buɗe rudunsa sai ga wanda gabansa ke faɗuwa tare da nasa. Katin yana nan a akwatina. Bana ma ina da albasa a ajiye, don haka kada wanda ya ce in karanta masa abin da ke jiki.