Shekarar da Kara Ya Yi Kuɗi

Kawuna, wan mahaifiyata, maƙeri ne na gado, amma tun da na yi wayo ban ga ya ƙera abin da ya wuce lauje da fartanyar gidansa ba. Noma ya riƙe. Gonarsa tana wani ƙauye can bayan Diko, sai an sauka daga kwalta, a hau babur, a tsallake rafi, sannan a kai. Ni ina zaune a Suleja, unguwar Magajiya, ina koyarwa a firamare, kuma duk kaka sai na je. Ina cewa zumunci ne ke kai ni, Kawu yana cewa buhun masara ne. Ban taɓa tsayawa musu ba, don ba na dawowa hannu rabbana.

Akwai wani dattijon Bafillatani da muke kira Baffa. Kowace shekara, da an kwashe amfani, sai ya koro shanunsa ya sauka a gonar Kawu. Shanu su ci ganyen kara da ɓawon masara da ragowar harawa, su kwana a wurin, su bar kashinsu. Kafin su tashi gona ta sha taki. Matar Baffa ta kawo nono da man shanu, Iya, matar Kawu, ta aika musu da dawa. Haka iyayensu suka yi, haka su ma suka taso suka tarar.

To Fulani da maƙera abokan wasa ne, kuma waɗannan tsofaffi biyu sun ɗauki wasan nan kamar aikin gwamnati. Ban taɓa jin sun gaisa kamar mutanen kirki ba. Tun daga nesa Baffa zai ɗaga sanda ya ce, "Maƙeri! Har yanzu ba ka mutu ba?"

Kawu ya ce, "In mutu in bar ka da wa? Mutumin da saniya ce ke nuna masa hanya!"

Daga nan sai su zauna gindin ɗorawa su yi ta tsiya har rana ta karkata. Kawu mutum ne mai ɗaure fuska, mu 'ya'yan ƙannensa tsoronsa muke ji. A bakin Baffa kaɗai na san cewa Kawu yana dariya har da hawaye. Ba shi da wani aboki kamarsa, ko da yake da za a tambaye shi sai ya ce shi ba ya abota da masu bin daji.

Shekarar da nake ba da labari, ana cikin girbi, wani saurayi ya iso ƙauyen a kan babur. Bakano ne, yana zaman gidan haya a Suleja kamar sauran masu neman abinci a Abuja, kuma wani kamfani ne ya turo shi. Ina nan a zaune lokacin da ya durƙusa gaban Kawu ya yi bayani. Ya ce suna sayen kara da totuwa da buntun shinkafa, su niƙa, su matse su zama curin gawayin girki, don a bar sare itatuwa. Wani karan kuma a toya shi ya zama baƙin gari a mayar cikin ƙasa, har akwai waɗanda ke biyan kamfanin daga waje saboda hayaƙin da bai tashi sama ba.

Kawu ya ce, "Tsaya, yaro. Wato a biya mutum saboda hayaƙin da bai yi ba?"

Ya ce, "Wallahi haka ne, Baba. Oganmu a kamfani ya ce abin da kuke kira shara, kuɗi ne zube a ƙasa. Ku dai ku tara, mota za ta zo, ba wahala."

Ni kam abin ya yi mini daɗi, don na san yadda buhun gawayi ke cin albashina a Suleja. Sai dai akwai sharaɗi. Kara ya zama busasshe, mai tsabta, ba yashi, ba kashin dabba, kada a bari shanu su tattaka shi. Yana faɗar haka na ga Iya ta ɗago kai ta dubi Kawu, shi kuma ya dubi ƙasa.

Ban ga laifin Kawu ba a lokacin, har yau ma ban gani ba. Takin buhu ya yi tsadar da sai mutum ya yi sallama da akuyarsa kafin ya saya. Kwanon ɗakin Iya yana yoyo tun damina biyu da suka wuce. Ga maƙwabta duk sun amsa. Mutum ya yi shekaru yana noma abu guda, sai a wayi gari a ce masa ashe abu biyu yake nomawa, ɗayan yana bayarwa kyauta. Wa zai ji wannan ya yi barci?

Aka sare kara, aka ɗaure dami-dami, aka jibge shi tsakiyar gona ya yi tsiri kamar rumbu, aka kewaye da ƙaya. Iya ta yi ta cewa, "Malam, ka aika wa mutumin nan tun bai taso ba." Kawu ya ce gobe. Goben nan ba ta zo ba, don bakin da ya saba da zagi bai san yadda ake ba da haƙuri ba.

Ranar da Baffa ya iso ina gonar, muna tsince ragowar wake ni da Iya. Muka fara jin kukan shanu daga wajen rafi. Sun san wurin, har sauri suke yi. Suna zuwa suka tarar da fili fetal, sai ƙaya da tulin kara a bayanta, suka tsaya suna miƙa wuya.

Baffa ya dubi tulin ya kece da dariya. Ya ce, "Maƙeri, wannan kuma fa? Gidan sama kake ginawa, ko amarya za ka ƙara?"

Kawu bai rama ba. Abin da ya fara tsorata ni ke nan. Ya ce, "Bana karan yana da mai shi."

Baffa ya ƙara dariya, yana jiran sauran wasan. Da ya ga ba saura, sai dariyar ta tsaya. Ya dogara da sandarsa ya daɗe yana kallon ƙayar nan. Kawu ya shiga bayanin kamfani da mota da gawayi, yana maimaita abu ɗaya. Baffa ya saurara har ƙarshe, ya ce, "To." Ya juya shanunsa, da ƙyar, don ba su so tafiya ba. Matarsa ta sauke ƙwaryar nonon da ta ɗauko ta ajiye gaban Iya, ta bi bayansu. Ni kuwa kunya ta kama ni kamar ni na kafa ƙayar.

Daga nan aka shiga jiran mota. Mota ta zo kam, ta kwashe na gonakin da ke bakin kwalta, masu su suka karɓi abinsu suka yi murna. Amma ba ta taɓa gangarowa wajen rafi ba. Duk ƙarar injin da Kawu ya ji sai ya fito ƙofar gida. Rani ya yi nisa, ɓeraye suka yi gida a cikin tulin, gara ta fara ci daga ƙasa.

Wata Asabar na yi kiciɓis da saurayin nan a mararrabar Diko, yana shan ruwan leda a inuwar wata tirela. Na nufe shi da masifata a shirye, irin wadda nake yi wa 'yan aji shida. Yana ganina ya miƙe, ya ce, "Malama, wallahi kunyar Baba nake ji, shi ya sa ban koma ba." Ya ce kara ba shi da nauyi, sai cika wuri. A loda mota har sama, a hau sikeli, ka ga kamar iska aka ɗauko, kuma kamfani da nauyi yake saye. Dizal kuwa ba ruwansa, ko iska ka ɗauko sai ya sha abinsa. Ya ce, "Oga ya zauna ya duba, ya ce duk gonar da ta wuce rafi asara ce. Ni ma sai bayan na gama yi wa mutane alkawari aka gaya mini." Na duba takalminsa duk ya cinye da yawon ƙauyuka. Masifar ta bi ruwa, har na tsinci kaina ina ba shi haƙuri.

Ni na kai wa Kawu labarin. Ya ce, "Gobe ki raka ni wani wuri." Na san inda za mu, na kuma san dalilin da ya sa yake son rakiya: yana ganin in da 'ya a wurin, abin zai zo da sauƙi.

Baffa ya sauka can gaba, a gonar wani mutum. A hanya mai babur ya ba mu labarin da ya ƙara kashe mana jiki. Tun da aka ji kara yana kuɗi, ba manomin da ya ƙara sakin gonarsa kyauta, har waɗanda mota ba za ta taɓa zuwa wurinsu ba. Sai da Baffa ya sayar da maraƙi kafin ya sami inda zai sauka. Da muka isa na ga shanun da idona, ƙasusuwan haƙarƙarinsu a waje.

Kawu ya gyara murya tun daga nesa, ya tattaro duk ƙarfinsa ya ce, "Kai, mai bin saniya! Har yanzu kura ba ta cinye ka ba?"

Baffa ya fito daga bukka da sauri. Ya shimfiɗa tabarma, ya kakkaɓe ta da hannunsa. Ya ce, "Maraba, Malam, maraba. Sannu da zuwa. Ina gajiya? Yaya iyali? Yaya aka ji da rani?"

Kawu ya tsaya kamar an mare shi. Ya zauna a bakin tabarmar, ya amsa gaisuwa ɗaya bayan ɗaya, don ba yadda zai yi. Aka kawo nono mai kyau a ƙwarya mai tsabta, da ludayi sabo, irin wanda ake ajiye wa baƙi. Kawu ya sake gwadawa, ya ce nonon Fulanin yanzu rabinsa ruwan rafi ne. Baffa ya ce, "Allah ya ba ka haƙuri, Malam, bari a sake wani."

A ƙarshe Kawu ya faɗi abin da ya kawo shi. Ya ce karan yana nan, akwai sauran mai kyau a sama, a koro shanu su ci, zai cire ƙayar da kansa. Baffa ya yi godiya sosai, ya sa albarka, ya ce shanu suna bukata kam. Sannan ya ce, cikin ladabi, "Sai dai a faɗa mini kuɗinsa, Malam, kada in shiga haƙƙinka."

Ba gatse ya yi ba. Da gatse ne da Kawu ya ji daɗi. Na duba fuskarsa da kyau, ba fushi, ba komai. Kawu ya rantse ya ƙara rantsewa cewa ba ya son ko kwabo, Baffa ya ce to Allah ya saka da alheri. Ya raka mu har bakin hanya, ya riƙe wa Kawu babur ya hau.

A rafi muka sauka don mai babur ya tura. Kawu ya cire takalmansa ya riƙe a hannu, ya shiga ruwan, sai ya tsaya a tsakiya bai juyo ba. Na ce, "Kawu, ai ya ce zai kawo shanun. An shirya ke nan."

Ya ce, "Zai kawo. Amma ke 'yar nan, ba ki ji ba? Gaishe ni fa ya yi."