Waƙar Da Ba Ta Cikin Fim

Tun muna ƙarƙashin Sakkwato, kafin a yi mana Jihar Neja, ni ne mai kunna inji a gidan silima a Kontagora. Ba wanda ya san fuskata. Kullum ina cikin ɗan ɗakin inji ina zuba gumi.

Wanda gari ya sani abokina ne, tela, mai murya. Shi ke mana talla. In sabon fim ɗin Indiya ya zo, da rana sai in kunna masa waƙar da ta fi daɗi sau biyu ko uku, ya kama karin, ya sa mata kalmomin Hausa, ya zaga kasuwa a keke da lasifika, hoton jarumin a gabansa. Waƙar ce ke kawo mutane, ba labarin ba. Har aka koma kiransa da sunan jarumin. Ana gayyatarsa biki, mai tsire na yi masa gyara. Ni da nake zuba masa waƙar a kunne, ko sannu.

"Mutumina, ka riƙa fitowa kana shan iska mana," yakan ce. "Ka maƙale a rami kamar gafiya."

Ina dariya, zuciyata na tafasa.

Wani mako fim biyu suka iso tare, ɗaya namu, ɗaya za a wuce da shi wani gari da safe. Na kunna masa waƙar wanda za a wuce da shi. Ina sane.

"Kai! Wannan ai har kurma sai ya zo," in ji shi.

Bai taɓa yin waƙa mai daɗin wannan ba. Ya kai ta har kasuwar Salka, mota guda ta cika da 'yan kallo.

Daren da aka nuna namu, duk waƙar da ta fara a fim sai a yi tsit, sannan a ja tsaki. Aka ƙare ba ta fito ba. "Ina waƙarmu?" Aka yi ta jifa da ɓawon rake, aka karya benci uku.

Maigidan silima ya kira mu, ya juya ga abokina. "Kai ka ƙirƙiro ta?"

"Wallahi, Alhaji, a nan na ji ta." Abokina ya dube ni.

Na ce, "Alhaji, fim ɗinmu na kunna masa. Wataƙila kunnensa ne."

Aka karɓe lasifikar. Gari ya sa masa maƙaryaci, gayyatar biki ta ɗauke. Ya koma kan keken ɗinkinsa, kuma shi ya ɗinka min kayan Sallah a shekarar, bai tambaye ni komai ba. Daga baya ya tashi zuwa Zugurma noma. Na sha ɗaura niyyar zuwa in faɗa masa, kunya ta hana, har ya rasu.

Ku 'ya'yansa, in wannan rubutu ya iske ku, mahaifinku bai yi ƙarya ba. Ni na yi. Ku yafe min, Allah Ya jiƙansa.