Kwaɗon da Baffa Ya Sayo

Ina cikin tankaɗe a gidana a Kiru aka kira ni a waya, wai ɗan Yayana ya harbi mutum. Yaron da ko kaina bai kai ba! Ban tsaya wanke hannu ba na tare acaɓa zuwa tasha. Mota kuwa ta ƙi cika. Na shiga na fito, na zauna na miƙe, har kwandasta ya ce, "Baiwar Allah, sintirinki ba zai cika mota ba." Na ce masa ya ji da aikinsa.

Gonar Yaya a Doguwa take, bakin dajin Falgore, inda birai ba sa barin masara da ta yi goyo. Yana da adaka, irin bindigar da ake ɗura wa albarushi ta baki. Ita kuwa in an ɗura ta, maganinta a harba, kuma babu mai son ɓarnar albarushi a iska. Haka take rataye a ɗure wata da watanni. Ranar Yaya zai je jana'iza, sai ya miƙa wa yaron, ya ce ya ɗaga musu ita kawai, birai sun san kamanninta. Yaro ya ga ciyawa na motsi, ya danna. Ashe wani ɗan Fulani ne ke bin maraƙinsa. A cinya ta same shi. Allah ya yi da sauran kwanansa, amma har yau yana ɗingishi.

Na tarar da gida a cike. Wani ɗan sanda ya riga ya yi wa Baffanmu, ƙanen mahaifinmu, bayani: doka ba yaro take nema ba, babban da ya bar bindiga ta shiga hannunsa take nema, ga shi kuma adakar ba ta da lasisi. Ɗauri ne ke jiran Yaya. An ce ya kawo kansa da yaron da safe.

Baffa ya fita, ya dawo da sabon kwaɗo. Ɗakin Yaya da tun da aka gina shi bai san kwaɗo ba! Ya sa aka kafa, aka kulle, aka ɓalle da guduma. Ya kira yaron ya ce, "Ka ce ɗaki a kulle yake, kai ka fasa, ka ɗauka ba da sanin babanka ba. Kai yaro ne, faɗa za su yi maka su sake ka."

Raina ya ɓaci. Na durƙusa na ce, "Baffa, Allah ya ba ka haƙuri, ɓarawo za mu mai da shi a garin nan?" Ya ce in bari maza su yi magana. Na koma gindin murhu ina huci. Amma wallahi ni ma ba na so a ɗaure Yaya. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya aurar da ni. Na ɗora ruwa na sauke, na share tsakar gida da aka riga aka share.

Da la'asar na ji murya a bayan rumbu. Yaron ne shi kaɗai yana bita kamar mai hadda: "Ni na fasa kwaɗo. Baba bai sani ba. Ni na fasa kwaɗo." In ya sarƙe sai ya koma farko. Da na juya, Yaya na tsaye da buta a hannu, yana ji. Ya wuce masallaci.

Da safe muka je ofishin 'yan sanda. Yaro ya buɗe baki ke nan, "Ni na fa…" sai Yaya ya dafa kansa ya ce, "Yallaɓai, ɗakina ba shi da kwaɗo. Ni na ba shi bindigar da hannuna, kuma na san a ɗure take." Baffa ya yi salati ya fice.

Kotu ta yanke wa Yaya ɗauri, aka karɓe adakar. Na yi kuka har na gaji, kuma ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Na zauna a Doguwa har aka cire masara. Wata rana na kai wa yaron fura a gona, na same shi yana kaɗa gwangwani yana korar birai. Ya karɓi ƙwarya bai sha ba. Ya ce, "Gwaggo, da na yi saurin faɗa, da ba a tafi da Baba ba, ko? Na iya fa. Wallahi na haddace."

Na zauna a kan kunya na jawo shi jikina, muka bar birai suka ci rabonsu.