Guguwar da ta tsare mu a Taipei, ni da Inna

Shekarar da aka tabbatar da ni a wurin aikin bincike a Lyon, na yi wa kaina alkawarin kai Inna hutu. Ba irin zuwa Maradi ba, inda gaisuwar rasuwa da suna da biki ke sa ta dawo gidanta na Stains, a gefen Paris, a gajiye fiye da yadda ta tafi. Tun rasuwar mahaifinmu take sharar ofisoshi a Paris, ba ta taɓa kwana a otel ba.

Na zaɓi Taipei don na taɓa zuwa taro can, garin ya kwanta mini a rai. Da na gaya mata a waya sai ta ce, "Wa muke da shi can?"

"Ba kowa, Inna."

"To me za mu je yi?"

"Kallo."

Ta ce, "Allah ya shirye ki." Amma a satin nan ta je kasuwar Barbès ta sayo atamfa turmi uku.

Mun sauka a wani ƙaramin masauki mai ɗaki shida, a hawa na biyar na wani tsohon gini. Mai masaukin tsohuwa ce gajeruwa, ita kaɗai take riƙe da wurin, tana ɗan jin Ingilishi. Kwana biyu muka yi muna yawo. Inna ta fi son kasuwa, takan tsaya gaban kifi da ganyaye tana tambayata sunayensu kamar a garin aka haife ni.

A rana ta uku tsohuwar ta kira ni gaban talabijin, ta nuna mini wani farin curi yana juyawa a kan teku. Ta ce taifun ce, guguwar teku, gobe za ta sauka. Ba makaranta, ba aiki, ba jirgi.

Ni da aikina bincike ne, ban duba cewa lokacin guguwa ne ba, na ɗauko mace mai hawan jini na kawo ta bangon duniya. Na shige banɗaki ina neman jirgi a waya, wanda zai fitar da mu a ranar, duk sun cika. Can Inna ta same ni zaune bakin baho.

"Iska ce da ruwa?" ta tambaya.

"Inna, ba irin wadda kika sani ba ce."

"Iska ta taɓa yaye rufin ɗaki kina ciki da goyo? Ni ta yi mini a Maradi, ke ce goyon. Tashi ki tara ruwa. Duk inda iska ta zo da ƙarfi, famfo ne ke fara tafiya."

Muka cika baho da bokiti da duk kwalbar da muka samu. Na sauka shago, na tarar an kusa kwashe kayan. Na bi abin da ya rage ɗaya bayan ɗaya, ina haska rubutun da waya tana fassara mini, don kar in ɗauko mai naman alade. Na dawo da burodi da ayaba da tocila. Na sa maganinta da fasfo ɗinmu a leda, na janye gadonta daga jikin taga.

Washegari da hantsi ta iso. Ruwan ba daga sama yake zubowa ba, a kwance yake tafiya. Ginin yana gurnani kamar babbar mota a kan tudu. Daga taga na ga allon wani shago ya tashi ya wuce tamkar takarda. Wajen azahar aka ɗauke kuran, wutar lantarki ke nan, famfo ma ya tsaya.

Ba a daɗe ba muka ji ƙara a baranda, sai kukan tsohuwar. Wani ƙarfe ne ya bugi tagar ƙarshen baranda ya fasa gilashin. Iska na shigowa da ruwa, ƙofofin ɗakuna suna kaɗawa. Tsohuwar tana ƙoƙarin tare ramin da tiren shayi, hannunta na jini. Sauran baƙin, wasu Turawa miji da mata, sun leƙo sun koma sun kulle.

Inna ta gyara ɗaurin zanenta. Ta cire ɗankwali ta ɗaure wa tsohuwar hannu, ta zaunar da ita gefe, ta ce da ni, "Katifa!"

Muka jawo katifar gadona muka jingina ta a tagar. Iska ta turo ta har sau biyu, sai na juya na sa mata baya, na tokare ƙafafuna da bango. Ruwa na bi ta wuyana, kowane bugu ina jin sa har haƙora. Inna ta ɗauko ɗaya daga sababbin atamfofin ta sa haƙori ta yage ta gida-gida, ta murɗa ta yi igiya. Tsohuwar tana nuna mata ƙarafan da za a ɗaure, Inna na yi mata Hausa, ita tana mayarwa da yarensu, kuma aikin yana tafiya. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba. Da suka gama ɗauri na matsa, katifar ta tsaya.

Sai ga Baturen ya fito da tsumma, yana sunkuyar da kai. Inna ta miƙa masa bokiti.

Da aka kwashe ruwan, ta buɗe valis ɗinta ta fito da garin rogo da ƙuliƙuli da sukari da dabino, waɗanda ban ma san ta taho da su ba. Ta jiƙa garin a babban kwano. Mu biyar, har da matar Baturen, muka zauna a ƙasa muka sha. Tsohuwar ta tauna ƙuliƙuli, ta ɗaga gira, ta miƙo hannu a ƙara mata.

Bayan la'asar na ga Inna a kan sallaya, tana jan carbi.

"Kin ji tsoro, Inna?"

"Ƙwarai kuwa. Amma da na nuna, da kin mutu a tsaye."

Da gari ya waye iska ta lafa. Titi cike da rassan itatuwa da baburan da suka kife, mutanen unguwa sun fito da tsintsiya. Inna ta karɓi ɗaya a hannun tsohuwar. Na ce, "Inna, hutu fa kika zo." Ta ce wannan sharar ba wanda ya sa ta. Ta share ƙofar ginin har kwanar titi, masu wucewa suna rusuna mata.

Jirginmu ya yi jinkirin kwana biyu. Da muka koma Stains, matan unguwa suka cika falo da sannu da zuwa. Ina kicin ina haɗa shayi na ji tana ba su labari. Ni ce ƴar fari, Inna ba ta faɗin sunana, balle ta yabe ni gaban mutane. Sai na ji ta ce, "Hajiya, da ba don yarinyar nan ba, da ruwa ya ci gidan. Ita ta tare taga da bayanta, iska na dukanta ba ta gusa ba. Ni ƙulli kawai na yi."

Wata ta ce, "Ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe."

Na tsaya riƙe da buta har shayin ya huce, sai da na sake ɗora shi. Washegari na hau jirgin ƙasa zuwa Lyon. Bayana bai bar ni na jingina da kujera ba, haka na zauna a miƙe har muka isa, ina ta murmushi ni kaɗai.