Gudumar Ranar Lahadi

Shekara arba'in da ɗaya Baba Maƙeri yana buɗe maƙerarsa kafin rana ta leƙo layinmu. Zai ture ƙyaure da kafaɗa, don ƙyauren nan bai taɓa buɗuwa da lalama ba, ya kwashe tokar jiya, ya zuba gawayi, ya zauna gaban zugazugi. Akwai wata 'yar ɓula a rufin kwanon, ta nan haske ke saukowa ya tsaya daidai kan uwar maƙera, ƙurar gawayi na yawo a cikinsa a hankali. Sau da yawa za ka tarar ya riƙe awartaki yana kallon hasken nan, ƙarfe na hucewa, har sai matarsa ta leƙo ta ce, "Baban yara, jira kake fartanyar ta ƙera kanta?" A makon nan ya ajiye guduma, hannu ya gaji. Shi ya sa na ce bari in faɗi abin da ya yi mana tun yana raye, don na san halinsa, cewa zai yi na ƙara gishiri.

Ban da ƙira, shi ne mai kaɗa ƙararrawar cocinmu. Bugu uku, ya numfasa, uku kuma, ya numfasa, sannan bakwai a jere. Ranar Lahadi kuwa ba ya hura wuta, ko wa ya kawo aiki sai dai ya dawo Litinin. Kowa a layin ya san haka.

Sai aka shiga shekarar da hukumar wancan lokacin ta hana mu taron sujada. Aka ɗaure ƙofar coci da sarƙa, aka tafi da fasto, aka sauke ƙararrawa aka jefa a mota. Lahadi uku suka wuce shiru. Mutum zai farka ya kasa kunne, ba komai sai kukan tsuntsaye, ya juya ya ja bargo. In mun haɗu a hanya, kowa ya sunkuyar da kai. Wata tsohuwa gwauruwa ta kawo wa Baba sakatar ƙofarta gyara, ta ce masa a hankali, "Ɗan'uwa, ni fa na fara mantawa da lokacin addu'a. Gani nake ni kaɗai na rage." Maganar nan ta zauna masa a ƙirji. Sarƙar ƙofa ba ta tsorata shi ba, abin da ya tsorata shi shi ne mu watse ɗaya bayan ɗaya, kowa a ɗakinsa yana zaton an bar shi.

Lahadi ta huɗu ya ture ƙyauren maƙera ya ɗauki guduma. Mu masu bi, Allah ya yafe mana, da tsegumi muka fara: to, Baba ma ya sallama, ga shi yana aiki ranar Ubangiji. Matarsa ta biyo shi har bakin ƙofa da hawaye, tana cewa, "Da tsufanka za ka juya baya?" Ya ci gaba da dukan uwar maƙera. Tana tsaye leɓunanta suka fara ƙirgawa da kansu. Uku. Uku. Bakwai. Ta durƙusa nan cikin toka.

Wata biyar ƙarar nan tana tashi kowace safiyar Lahadi, ta bi ta kan rufin gidaje, ta shiga ta tagogi. Mai shanya ta tsaya da rigar a hannu. Mai aske gemu ya ajiye reza. A bayan ƙofofi rufaffu muka riƙa durƙusawa lokaci guda, ba mai ganin wani, amma kowa ya san na gidan gaba ma gwiwarsa na ƙasa. Wa zai hana maƙeri dukan ƙarfe?

Kuskure ɗaya Baba ya yi, kuma kuskuren mai gaskiya ne. Tunda a ransa ba aiki yake ba, bai taɓa hura wuta ba. Akwai wani jami'i mai sintiri a layinmu, Dogo muke ce masa a ɓoye. Wata Lahadi ya tsaya a ƙofar maƙera ya daɗe yana kallo, sannan ya shigo ya sa hannu cikin toka, ya ji ta sanyi ƙalau.

"Baba, wane irin maƙeri ne ke duka babu wuta?" in ji Dogo.

"Yau Lahadi, ɗana. Ba na aiki."

"To me kake yi?"

Baba ya dubi hasken nan na rufi, ya ajiye guduma a hankali. Ya ce, "Ƙararrawa nake kaɗa wa 'yan'uwana."

Aka kama Baba, wata takwas ya yi a tsare. Marin da ya sha a ofishinsu ya kashe masa kunne ɗaya, ɗayan ma ya riƙa dushewa. Ya gaya mini a can yakan rufe ido ya ga maƙerarsa cike da haske, gudumar tana tashi tana sauka ita kaɗai, ba ƙara. Abin da bai sani ba, Lahadin farko da tafiyarsa matarsa ta ɗauki murfin tukunya da ludayin ƙarfe ta buga ƙirgen nan. Lahadi ta gaba mai facin taya ya amsa mata da garen mota, kafinta da gudumarsa, har abin ya fi ƙarfin masu kame.

Dogo kuwa bai samu sukuni ba. Wata rana ya je bakin ƙarafan ɗakin da aka kulle Baba, ya ɗaga murya don tsohon ya ji, ya ce, "Me ya hana ka yi mini ƙarya? Da ka ce gawayi ne ya ƙare, da na wuce." Baba ya yi murmushi ya ce, "Matso, ɗana. Ka san ƙusoshin da aka kafa Yesu da su a kan gicciye? Wani maƙeri irina ne ya ƙera su. Kullum na ƙera ƙusa sai na tuna da hannun abokin sana'ata a ciki. Amma Yesu yana rataye ya roƙa wa waɗanda suka kafa shi gafara, har da maƙerin. In an yafe wa mai ƙusa, kai da ka taɓa toka kawai fa?"  Washegari Dogo ya dawo, jibi ma ya dawo, kullum da sabuwar tambaya.

Baba, kai ne ka riƙe mu lokacin da muka kasa riƙe kanmu. Kai ne muka yi wa mummunan zato, ba ka taɓa tuna mana ba. Ba ka hau bagade ba, karatunka ma sai da nuna yatsa, amma bisharar da ka yi da guduma ta shiga inda wa'azi bai iya shiga ba. Ina jin kunya, ina kuma alfahari da kai. Mun gode, Allah ya saka maka. Ku kuma 'yan'uwa da ke cikin tsanani yau, ku duba abin da ke hannunku, ko allura ce ko cokali, ku sanar da na kusa cewa ba shi kaɗai ya rage ba.

Yanzu an ɗage dokar, an cire sarƙa, an rataya sabuwar ƙararrawa. Dogo ya daɗe da tuɓe kaki, shi ke jan igiyar. Baba bai taɓa jin muryarta ba, kunnen na biyu ma ya tafi. Lahadin da ta wuce na gan shi zaune a ƙofar maƙera, ido a rufe, matarsa ta riƙe hannunsa tana buga masa ƙirgen da ɗan yatsa a bayan hannu, daidai da ƙararrawar. Da ta kai bakwai ya buɗe ido ya ce, "Gaya wa Dogo yana sauri. Ya riƙa numfasawa, akwai tsofaffin da ba su gama durƙusawa ba."