Hannun Hure

A ƙauyensu, can gefen Ɗanbatta, an san Hure da abu ɗaya: takan sauke tukunya daga murhu da hannu, ba tsumma. Mata su yi ta guɗa, wai gadon maganin wuta ta yi. Ita ma har ta fara ɗaga kai. Allah sarki, ashe ciwo ake yi wa guɗa.

Shekarun fari ne, gero ya ƙone a gona, mijinta Muntaka ya tafi cirani. Da tuyar ƙosai ta riƙe gidan, kuma da wannan hannun take tuyar. Wata ranar kasuwa ta ji ƙauri, ta duba, sai ta ga yatsanta ne a bakin kasko. Nan ta sauke kaskon, ta nufi ɗakin shan magani.

Malam Khalilu na ɗakin shan magani ya sa ta rufe ido, ya shafa mata auduga a tafin hannu.

"Inna, kin ji?"

"Ka fara ne?"

Ya ajiye audugar, ya ce kuturta ce ta soma taɓa jijiya. Sai ya gyara zama.

"Akwai ɗan gishiri a ruwan jikinmu. In abu ya taɓa ki, jijiya takan buɗe wa gishirin, ya kutsa ciki. Wannan wuri ya tashi na gaba, na gaban ya tashi na gabansa, har labari ya kai ƙwaƙwalwa, kamar yadda kuke sanar da juna haihuwa ta kan danga. Taki dangar ce ta yi shiru. Amma kin zo da wuri."

Ta sha ƙwayoyin da ya ba ta wata da watanni, ga ba abincin kirki a cikinta. Ta koma sauke tukunya da tsumma, masu guɗar jiya suka ce maganin wuta ya karye. Ta ƙyale su, don ba su za su ciyar mata da 'ya'ya ba.

Da damina ta dawo, tana cire ciyawa a gonar gyaɗa, ƙaya ta soke ta a yatsa. Ta ƙwalla ƙara, ta yarfe hannu. Sai kuma ta tsaya cak.

Muntaka, da ya dawo daga cirani, ya yar da fartanya ya rugo, yana tambayar ko maciji ne. Ya tarar da ita zaune a kan kunya, tana kuka tana hamdala.

"Malam, kar ka cire tukuna," in ji ta. "Zafi take min."