Ranar da Inna Hawwa ta ƙwace mini muciya

Ina tsakiyar juya tukunyar miyar waken adas, gumi na zuba, sai Inna Hawwa ta ƙwace muciyar daga hannuna.

Sati guda ke nan da matan unguwarmu ta Hajj Yusuf suka ɗora ni a kan takiyya, inda muke dafa wa 'yan gudun hijira abinci. Kullum ni ce ta farko a bakin murhu, don kada a ce shugabanci ya hau mini kai.

"Inna, aiki fa nake yi."

"Na gani, 'yata. Amma waiga. Mata uku suna yankan albasa, ba wadda ta je ɗebo ruwa. Gawayin gobe kuma, wa ya san inda zai fito? Lokacin da muke aiki a gonakin Jazira, shugabanmu bai taɓa tsinkar auduga ba, amma tun asuba kowa ya san layinsa, kuma ba mu taɓa rasa ruwan sha ba."

Na waiga. Randa wayam, ga mutane har sun fara jera kwanuka.

Nan take na raba aiki, kunya kamar in nutse. Ashe ɓuya nake yi a bayan tukunya.

Ku da kuka taɓa shugabanci, a bayan me kuka ɓuya?